Ƙarfe Ba Ya Mutuwa? Sharhi a Kan Ma'aunin Ɗorewar Ƙarafa Bisa Tarihin Kuzar Jos

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1987, lokacin da kwamitin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa a ƙarƙashin shugabancin Gro Harlem Brundtland ya fitar da rahotonsa, kalmomin nan "ci gaba mai ɗorewa" suka shiga bakin masana da masu mulki, har suka gangaro cikin manhajar da muke koyar da ɗalibai masu neman shaidar malanta da ita. Abin da ake nufi da su a taƙaice shi ne, na yau ya ci rabonsa, amma kada ya haɗa da na jikokinsa. To, in aka zo kan ƙarafa, sai a ga an yi hanzarin ba su shaidar ɗorewa bisa hujja guda, wato wai ƙarfe ba ya mutuwa. Itace in an ƙone shi ya zama toka, man fetur ya zama hayaƙi, amma tsohuwar garma ana iya narkar da ita a ƙera sabuwa, a sake narkarwa, har illa masha Allahu.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan hujja. Za mu dubi rahotanni biyu da suka fi kowane rubutu tasiri a kan batun, waɗanda wani kwamitin masana na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya wallafa a 2010 da 2011, bisa jagorancin Farfesa Thomas Graedel na Jami'ar Yale a Amurka. Na farko ya ƙiyasta yawan ƙarfen da ke hannun jama'a ana amfani da shi, na biyu kuma ya auna yawan wanda ake sake narkarwa bayan ya gama aiki. Sa'an nan za mu gwada sakamakonsu da wani tarihi da ke kusa da mu, wato tarihin haƙar kuza a tsaunukan Jos. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin da ake yaɗawa daga waɗannan rahotanni yana fara lissafin rayuwar ƙarfe ne daga bakin murhun narkarwa, ya bar ramin da aka tono shi da mutanen da ke zaune a bakin ramin.

Kafin mu shiga ciki, akwai wata 'yar matsala ta harshe. Bahaushe yana kiran ƙarafa biyu da suna ɗaya, wato dalma: da farin ƙarfen nan da ake samu daga kuza, da kuma mai nauyin nan mai guba da ake sa wa batirin mota. Don gudun ruɗani, a nan za mu kira na farko kuza, ko an narkar da shi ko ba a narkar ba, mu bar wa na biyu sunan dalma.

2.0 Abin da rahotannin suka gano

Adalci ne mu fara da faɗin cewa rahoton 2011 bai yi wa kowa daɗin baki ba. Cikin ƙarafa 60 da ya bincika, 18 ne kawai ake sake narkar da fiye da rabinsu idan kayan da aka yi da su suka mutu. Cikin waɗannan akwai baƙin ƙarfe da tagulla da zinariya da azurfa da dalma da kuza da alminiyam, wanda maƙeranmu ke kira sanholo. Guda 34 kuwa, abin da ake cetowa daga cikinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma litiyam na batiran zamani yana cikin wannan rukuni a lokacin da aka yi binciken. Dalili a fili yake. Ƙarfen gada ko na jirgin ruwa dunƙule yake, ana iya yankawa a loda a mota. Amma wayar hannu ɗaya tana ɗauke da ƙarafa iri-iri har gommai, kowanne ɗan mitsitsi, a cakuɗe da juna, ta yadda kuɗin rarrabe su ya kan fi kuɗin tono sabo. Ke nan masu rahoton da kansu sun nuna cewa "ƙarfe ba ya mutuwa" gaskiya ce a ilmin kimiyya, amma a kasuwa yakan ɓace, ɓacewa kuwa ga mai bukata ba ta da bambanci da mutuwa.

Haka nan ba mu musun amfanin sake narkarwa inda ta yiwu. Narkar da tsohon sanholo yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake bukata wajen fitar da sabo daga ƙasa. Mai zuba tukwane da ke tara gwangwanayen lemo da fasassun kayan injin, ya narkar a maƙerarsa ya zuba tukunya, yana aikata abin da rahoton ke kira gare shi tun kafin a rubuta rahoton.

Amma fa akwai wani lissafi da masu yayata hujjar ba su cika kawowa ba. Ƙarfen da aka sa a gini yakan yi shekara arba'in ko fiye kafin ya dawo a matsayin gwangwan. Saboda haka gwangwan ɗin da ake samu yau, ɗan abin da aka ƙera ne a zamanin iyayenmu. A 1980 duniya ta narka ƙarfen gini da na ƙira tan miliyan 700 da 'yan kai. A 2023 ta narka kusan tan miliyan 1,900. Ko da za a tsince kowace ƙusa ta 1980, ba za ta cike bukatar yau ba. Muddin bukata na ƙaruwa, tilas a ci gaba da tona ƙasa. Daɗin daɗawa, komawa ga lantarki mai aiki da rana da iska ƙara wannan bukata yake yi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2020 cewa haƙar irin su litiyam da kobal na iya ƙaruwa da kusan kashi 500 cikin 100 kafin 2050, Hukumar Makamashi ta Duniya kuma ta nuna a 2021 cewa mota mai aiki da lantarki tana cin ma'adinai ninki shida na mota mai shan fetur. Tambayar da ta rage ke nan ita ce, ƙasar wa za a tona, kuma me za a bar masa?

3.0 Kuzar Jos

Ba Turawa suka gano kuza a wannan ƙasa ba. Tun kafin zuwansu akwai masu narkar da ita a Riruwai, kudancin ƙasar Kano, da Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, waɗanda kan zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa a ƙarshen ƙarni na 19, suka shiga neman tushensu. A 1902 kamfanin ya aiko da masu binciken ma'adinai, ba da jimawa ba kuma H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwararowa. Dokokin mulkin mallaka suka mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, aka raba filayen ga masu lasisi, sana'ar narkarwa ta gargajiya kuwa ta mutu cikin 'yan shekaru kaɗan. Abin lura a nan shi ne, abu na farko da haƙar zamani ta kashe shi ne ilmin sarrafa ƙarfen a gida.

Bill Freund, a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya, ya nuna cewa ribar wannan aiki ta dogara ne ƙwarai a kan arahar lebura. Dubban mutane, da yawansu manoma daga ƙasar Hausa da Barno masu neman kuɗin haraji da rani, su ne suka riƙa sara da diga, suna ɗaukar ƙasa a kwanon sarki. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa Jos da Bukuru don jigilar kuza, wadda ake kai wa Ingila ɗanyarta a narkar a can. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkarwa ta Makeri a Jos, wato bayan an shafe fiye da rabin ƙarni ana fitar da ita ba a sarrafa ba.

Ko ɗan harajin da ake karɓa a kan ma'adinan, ba duka ya shiga baitulmali ba. Yayin da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja a farkon 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa karɓar rabin harajin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Sai a 1950 gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan haƙƙi da fam miliyan ɗaya.

Lokaci mafi muni shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa aka kai su aikin tilas, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. An kawo mutanen ƙasa mai zafi cikin sanyin tsauni, ba isasshen abinci ba wurin kwana na kirki, ɗaruruwa suka mutu, da yawa kuma suka gudu. A 1943 aka haƙo kimanin tan 17,000, wanda shi ne mafi yawa a tarihin wurin. A shekarun 1950 kuma kasuwar kwalambait ta buɗe, wato dutsen da ake samun ƙarfen niyobiyam daga gare shi, wanda a da ake zubarwa cikin tarkace, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi na wani lokaci. Daga nan sai ja da baya: kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, man fetur ya janye hankalin gwamnati, kuma a watan Oktoba na 1985 yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke tallafe da farashin kuza ta rushe, farashin ya faɗi warwas. Manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu.

Me suka bari? Fiye da murabba'in kilomita 300 na ƙasa da aka birkice, da tuddan tarkace waɗanda wasunsu ke ɗauke da duwatsu masu fitar da tururin da ke cutar da jiki, da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi waɗanda suka sha cin mutane da dabbobi. Filayen nan gonakin Birom ne da maƙwabtansu. Sai a 1946 aka sa batun gyaran fili a cikin dokar ma'adinai, bayan an yi shekara arba'in ana tono, kuma gyaran da aka yi bai wuce ɗan yanki ba, galibi ta hanyar baje tudu a dasa bishiyar turare, wadda ke ba da itace amma ba ta mayar da gona.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. Haƙar kuza ce ta haifi birnin Jos, ita ta kawo lantarki mai aiki da ruwa a Kurra tun wajen 1930, kuma manoman rani sun mayar da kududdufan nan abin ban-ruwa, suna noma tumatir da kabeji da karas da ake kai wa har kudancin ƙasar nan. Sai dai wannan dabara ce ta talaka da ya sami kansa a bakin rami, ba wani tanadi ne da mai tonon ya yi masa ba.

To, yanzu mu koma ga rahoton 2011. Kuza da niyobiyam, ƙarafan nan biyu na Jos, duk suna cikin 18 ɗin da suka ci jarrabawa. Wanda ya dubi jadawalin kawai zai ce ga ƙarafa masu ɗorewa. Kuma ta wata fuska ya yi gaskiya, domin mai yiwuwa ne wani abu daga kuzar da aka haƙo a Bukuru a 1943 yana nan yana yawo, an narkar an sake narkarwa, yau yana liƙe da wata waya a cikin wani inji a Turai. Ƙarfen ya ɗore, amma a wata ƙasa. Jadawalin ba shi da gurbin da zai rubuta cewa gonar da aka tono shi ba ta ɗore ba.

4.0 Ma'adinin cikin birni

A nan ne rahoton 2010 ya fi amfani, ko da yake shi ne ba a cika ambata ba. Ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu arzikin masana'antu, kowane mutum ɗaya yana da rabon tagulla kilo 140 zuwa 300 a cikin wayoyi da bututu da injuna da ke yi masa aiki, alhali a ƙasashe masu tasowa kilo 30 zuwa 40 ne. A sanholo, kilo 350 zuwa 500 ne a can, kimanin 35 a nan. A baƙin ƙarfe, tan 7 zuwa 14 ne a can, kimanin tan 2 a nan, kuma wannan matsakaici ne da ya haɗa da ƙasashen da suka fi mu nesa ba kusa ba. Masana suna kiran wannan tari ma'adinin cikin birni, suna cewa shi ne za a riƙa haƙa nan gaba.

Madalla da wannan, amma ma'adinin cikin birni na wanda ya tara ne. Ƙasar da ta yi shekara ɗari tana shigo da ƙarfe tana iya rufe ramukanta ta rayu da gwangwan ɗinta. Wadda ta yi shekara ɗari tana fitarwa kuwa, in aka ce mata ta dogara da sake narkarwa, me za ta narkar? Ba ta gama shimfiɗa dogo ba, ba ta gama ja wayar lantarki ba. Mun so mu cike wannan giɓi da masana'antar Ajakuta, wadda aka ba da kwangilarta ga wani kamfanin Tarayyar Sobiyat a 1979, da niyyar narka tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko, amma aka shafe fiye da shekara arba'in ba a hura babban murhunta ba. Saboda haka masana'antun rodi masu zaman kansu suka dogara da gwangwan, farashinsa ya tashi, kuma a ƙasar da tarinta kaɗan ne, neman gwangwan yakan wuce matacce ya taɓa mai rai: murfin kwalbati, wayar lantarki, ƙarfen dogo. A 2023 sai da gwamnatin Jihar Barno ta hana sana'ar jari-bola, bayan an yi ta kashe matasan da ke shiga garuruwan da rikici ya tasa don neman ƙarfe. Ba laifin 'yan gwangwan muke gani ba, domin mafi yawansu halal suke nema, kuma suna rage wa birane shara. Muna nuni ne da cewa shawarar da ta dace da Jamus ba lalle ta dace da mu yadda take ba.

Akwai kuma wani abin da adadin sake narkarwa ba ya faɗi, wato yadda aka narkar. Dalma tana cikin ƙarafan da aka fi cetowa a duniya, saboda tsohon batir kuɗi ne. Amma tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu a unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta Senegal, inda ake fasa tsofaffin batira ana tankaɗe ƙasa don tsintar dalma. A jadawali, wannan dalma ta shiga lissafin nasara. Mu kuwa mun san gubar nan farin sani. A 2010 aka gano cewa kimanin yara 400 sun mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda niƙa dutsen zinariya mai haɗe da dalma a cikin gidaje. Wancan daga haƙa ne, na Dakar daga sake narkarwa, amma jinin yaro bai san bambanci ba. Yau da gidaje ke ta sa allunan lantarkin rana, da yawansu da batira masu dalma waɗanda ba su wuce 'yan shekaru suke mutuwa, ya kamata mu tambayi inda ake fasa su.

5.0 Wata suka da za a iya yi mana

Wani zai ce mun ɗora wa rahotannin nan laifin abin da ba su yi alkawari ba, tun da aikinsu ƙidaya ne. Zai kuma iya tuna mana cewa wannan kwamiti ya fitar da wani rahoto a 2013 a kan illar ƙarafa ga muhalli, da wani a 2020 a kan yadda ya kamata a tafiyar da harkar ma'adinai. Haka ne. Sai dai adadi yana da ƙafa, dogon bayani kuwa ba shi da ita. Kamfanonin ƙarfe sun ɗauki adadin sake narkarwa sun sa a tallarsu, marubuta littattafan makaranta suka kwafa, malami ya rubuta a allo, ɗalibi ya haddace cewa ƙarfe abokin muhalli ne. Ɗalibin nan kuwa wataƙila a kan hanyarsa ta zuwa makaranta yake ratsa bakin kududdufin kuza. Idan muka koyar da shi ma'aunin da ba ya ganin abin da ke gabansa, mun koya masa raina shaidar idonsa.

Abin da muke ba da shawara shi ne, duk inda za a koyar da adadin ƙarfen da ake cetowa, a haɗa shi da waɗansu tambayoyi game da wurin da aka tono shi. Nawa ne daga cikin filin da aka birkice ya koma gona ko makiyaya? Wane mataki na sarrafawa aka yi a gida kafin a fitar? Kuɗin da aka samu, nawa ne ya zama abin da zai rayu bayan ramin ya ƙare? Ma'adini ba ya tsiro, don haka hanya ɗaya da zai shiga lissafin ɗorewa ita ce a musanya shi da wata dukiya mai zama. In an gwada kuzar Jos da waɗannan tambayoyi, ta faɗi a ta farko, ta makara shekara hamsin a ta biyu, ta uku kuwa sai dai a yi gardama.

Batun bai zama tarihi ba tukuna. An sami litiyam a jihohin Nasarawa da Kaduna da Kwara da wasunsu, an buɗe masana'antar tace shi a Nasarawa a 2024, kuma matasa suna ta tona ramuka da diga da shebur suna sayar wa dillalai, kamar yadda kakanninsu suka yi a Jos. Dokar ma'adinai ta 2007 ta fi ta 1946, domin ta tanadi asusun gyaran muhalli da mai lasisi zai riƙa zuba kuɗi a ciki, ta kuma wajabta yarjejeniya tsakaninsa da jama'ar wurin kafin ya fara aiki. Amma dokar ta fi kama mai lasisi, alhali da yawa daga cikin ramukan nan ba su da lasisi, mai saye kuma yana iya cewa shi bai tona komai ba. Muna ganin a nan ne ya kamata malaman kimiyya da na labarin ƙasa a kwalejojinmu su fara aiki: su fita da ɗalibansu su auna ramukan, su rubuta sunan gonar da mai ita da abin da take bayarwa kafin a tona.